Ɓera ya nuna mana illar jinkirta allurar insulin

A Zariya, da zarar likita ya ce wa mai ciwon suga lokacin allurar insulin ya yi, sai hankalin gida ya tashi. Wasu na cewa wanda aka ɗora a kan allura tasa ta ƙare. Sai a koma jiƙe-jiƙe da ganyayyaki, ana jan ƙafa wata da watanni. Wannan jinkirin, a ganina, na cikin abubuwan da ke kai mutane asibitin koyarwa na Shika da gyambon da ya ƙi warkewa.

Masu bincike sun daɗe suna nazari a jikin ɓeraye kan yadda suga ke lalata jijiyoyin ƙafa, lalacewar da kan kai ga irin wannan gyambon. Ana yi wa ɓera allurar sinadarin alloxan ko streptozotocin, wanda ke kashe ƙwayoyin da ke samar da insulin a jikinsa. Suga ya hau. Cikin 'yan makonni sai a tarar saƙon da ke bi ta jijiyar ƙafarsa ya rage gudu, jinin da ke ciyar da jijiyar ma ya ragu. In aka fara ba shi insulin da wuri, gudun saƙon kan farfaɗo. In aka bar cutar ta daɗe, gyaran ba ya cika.

Ɓera dai ba mutum ba ne. Akwai magungunan da suka kare jijiyar ɓera sarai, da aka gwada su a kan mutane sai suka ba da kunya. Shi ya sa nake jin takaici in na ga mai tallar magani a kasuwar Sabon Gari yana kafa hujja da cewa an gwada ganyensa a kan ɓera. Amma batun insulin ya wuce nan, domin an tabbatar da shi a jikin ɗan Adam. Babban binciken ciwon suga mai suna DCCT da aka yi a Amurka da Kanada, wanda sakamakonsa ya fito a 1993, ya nuna tsananta kula da suga ya rage lalacewar jijiyoyi da kusan kashi 60 cikin ɗari ga masu nau'i na ɗaya na cutar, wato waɗanda jikinsu ya daina samar da insulin. Ga masu nau'i na biyu, waɗanda su ne suka fi yawa a cikinmu, ribar ba ta kai haka ba, don hawan jini da teɓa da kitsen jini su ma suna da hannu.

Insulin ɗin ma yana son hankali. A ɓeraye an ga cewa in suga ya faɗi ƙasa sosai ya daɗe a haka, jijiya kan lalace. A mutane kuwa, sauke sugan da ya shekara a sama farat ɗaya kan jawo zugi mai tsanani a ƙafafu. Don haka aikin na likita ne, a bi shi sannu a hankali tare da awo, kada a bar shi a hannun mai kemis.

Na san kukan jama'a ba tsoro kaɗai ba ne. Allurar na da tsada, tsinken awon suga na da tsada, ga rashin wutar da za a adana maganin a firji a zafin bazara. Nan ne ya kamata gwamnatin Kaduna ta sa hannu, ta saukar da farashin, ta kai gwajin ƙafa asibitocin unguwanni irin na Tudun Wada da Samaru. Wanda ya fara jin tafin ƙafarsa na zugi da dare, ko takalmi na zame masa bai sani ba, ya garzaya asibiti a wannan makon.