Ƙodar da ta rage a jiki, a tattala ta

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ku matasa da kuke kai iyaye asibiti, kuke karɓo sakamakon awo, kuke shiga kemis sayo magani. Wasunku ma ku ne masu ciwon, domin ciwon ƙoda a wajenmu ba ya jiran furfura, mutanen Gashuwa da Haɗeja sun san haka. Maganata a kan wanda ciwonsa ya yi nisa ne, likita ya ce masa yana mataki na huɗu ko yana bakin na biyar, amma bai fara wankin ƙoda ba.

Sashen ƙodar da ya riga ya mutu ba ya dawowa. Duk wanda ya ce yana da jiƙon da zai wanke ƙoda ta koma sabuwa, kuɗinku yake so. Abin da ake iya juyawa shi ne saurin lalacewar. A takardar awon jini akwai lamba da ake rubutawa eGFR, ita ke nuna yawan jinin da ƙoda ke tacewa. Daga 15 zuwa 29 mataki na huɗu ke nan, ƙasa da 15 na biyar. Mutumin da ke kan 25, in yana rasa 5 duk shekara, cikin shekara uku zai sauka 10, inda ake fara zancen wanki. In aka rage asarar ta koma 2 a shekara, sai ya haura shekara bakwai kafin ya kai can. Wannan ratar ita ake nema. Don haka ku sami littafi guda, ku riƙa rubuta kwanan wata da eGFR da kiriyatinin (dattin jini da ƙoda ke fitarwa) da fotasiyam (sinadarin da ke taruwa a jini in ƙoda ta yi rauni) da furotin ɗin fitsari. A mataki na huɗu kada a wuce wata uku ba a yi awo ba.

Hawan jini yana cikin manyan abubuwan da ke cinye ƙoda, kuma ƙodar da ta lalace ita ma ƙara hawan jinin take yi. Abin da ake so shi ne ƙasa da 130/80. A sayi na'urar awo ta damtse a ajiye a gida. A zauna minti biyar a jingine, hannu a kan tebur daidai ƙirji, a auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe da yamma, a rubuta. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga lamba ta sauka sai a ajiye magani. Maganin ne ya saukar da ita, ranar da aka daina kuma za ta koma.

Cikin magungunan hawan jini akwai gida biyu da ke kare ƙoda kai tsaye: irin su lisinopril da ramipril, da irin su losartan da telmisartan. Suna rage matsin jini a cikin ƙananan matatan ƙoda, sai yoyon furotin ya ragu, shi ne kumfar nan da ba ta bajewa a fitsari. Ba a haɗa gidajen biyu a sha tare, mai ciki kuma ba ta sha. Bayan an fara ko an ƙara yawansu, a auna kiriyatinin da fotasiyam cikin mako biyu zuwa huɗu. Kiriyatinin zai ɗan tashi, in bai wuce kashi 30 cikin ɗari ba ana ci gaba. A nan mutane da yawa ke firgita su jefar da maganin da ke taimakonsu. A da wasu likitoci kan tsayar da shi in ciwo ya yi nisa, da fatan ƙoda ta farfaɗo. Gwajin da aka yi a Birtaniya, wanda sakamakonsa ya fito a 2022, ya nuna tsayarwar ba ta ƙara wa ƙoda komai ba.

Akwai kuma dapagliflozin da empagliflozin, miligiram 10 sau ɗaya a rana. Asalinsu maganin suga ne, amma manyan gwaje-gwaje na 2020 da 2022 sun tabbatar suna rage lalacewar ƙoda har ga marasa ciwon suga. Ana fara su in eGFR ta kai 20 ko sama, kuma wanda ya riga ya fara yana ci gaba ko ta sauka ƙasa da haka, har zuwa wanki. Ku tambayi likita ko sun dace da majinyacinku tun lambar ba ta faɗi ba, domin jinkiri na iya rufe ƙofar. Suna da tsada, amma ku gwada kuɗinsu na wata da kuɗin wanki na mako guda. Suna fitar da suga ta fitsari, shi ya sa sukan jawo ƙaiƙayin gaba, sai a kula da tsarki da ruwa da bushe wuri.

Masu ciwon suga ku yi hattara da tsohon tsarin maganinku. Metformin ana rage shi in eGFR ta sauka ƙasa da 45, ana daina shi ƙasa da 30. Glibenclamide yana taruwa a jiki ya kayar da suga har mutum ya suma cikin dare. Insulin ma ya fi daɗewa a jini in ƙoda ta yi rauni. Dattijon da suga ke yawan faɗo masa ba warkewa ya yi ba, maganin ne ya yi masa yawa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Sau da yawa ƙoda ba a hankali take gangarawa ba, faɗuwa take yi lokaci guda saboda wani abu da aka sha, kuma ba ta komawa inda take. Na farko maganin ciwon jiki: ibuprofen, diclofenac, piroxicam, da haɗin nan na leda da ake kira maganin gajiya, wanda ba ka san me ke ciki ba. Waɗannan suna tsuke jijiyar da ke kai jini cikin matatar ƙoda. In suka haɗu da lisinopril da maganin sa fitsari a jikin da ruwa ya yi wa ƙaranci, kwana kaɗan ya isa a kwantar da mutum. Don ciwon kai ko gaɓoɓi a tsaya kan paracetamol, kada ya wuce giram 3 a yini. Na biyu allurar gentamicin da ake yi wa mutane barkatai da sunan taifot. Na uku jiƙe-jiƙe, maganin basir, maganin shawara, maganin ƙarfin maza, da man bilicin. Ba raina gargajiya nake yi ba. Lafiyayyar ƙoda na iya fitar da abin da ta karɓa, wadda saura kashi ɗaya cikin huɗu na aikinta ba za ta iya ba, kuma babu mai iya faɗa maka ma'aunin abin da ke cikin gorar. Duk inda za a rubuta magani ko a ɗauki hoton da ake zuba ruwan rini a jijiya, ku fara cewa: yana da ciwon ƙoda, ga lambarsa.

Ranar da amai ko gudawa ko zazzaɓi mai zafi ya hana ci da sha, maganin da ke kare ƙoda kullum yana iya cutar da ita. A dakatar da lisinopril ko losartan, da furosemide (maganin sa fitsari), da metformin, da dapagliflozin, a kira likita a ranar, a auna zazzaɓin cizon sauro a yi maganinsa da wuri. In an koma ci da sha daidai na kwana ɗaya zuwa biyu sai a dawo da su. Dakatarwa ce ta kwanaki, kada a manta a bar su gaba ɗaya. Haka azumi: mai mataki na huɗu da na biyar likitoci suna ba shi shawarar kada ya yi, balle in Ramadan ya faɗo cikin zafin bazara. Allah ya yi wa marar lafiya rangwame, wanda ba a sa ran warkewarsa ya ciyar da miskini. Ku lallashi iyaye da wannan, ku nemo malamin da suke jin maganarsa.

Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, kuma lissafin ya haɗa da wanda ba a gani. Magi kusan rabinsa gishiri ne. Ga yajin tsire, kilishi, garin ɗanɗanon taliyar leda, kifin gwangwani, burodi. Kanwar da ake sa wa miyar kuka da kuɓewa da wake ita ma sodiyam ce, sinadarin da ke cikin gishiri. Gishiri mai yawa yana riƙe ruwa, yana tayar da jini, yana kuma rage ƙarfin lisinopril. A ɗebi miyar majinyaci kafin a zuba magi, a gyara ta da albasa, tafarnuwa, citta da masoro. Harshe yakan saba cikin 'yan makonni. Gishirin kanti da ake tallatawa don masu hawan jini kuwa fotasiyam ne a cikinsa, kada ya shiga tukunyar mai ciwon ƙoda.

Furotin ana so ya tsaya wajen giram 0.8 ga kowane kilo na nauyin jiki. Mai kilo 60 giram 48 ke nan a yini. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6, dafaffen nama mai girman tafin hannu kamar 25, tuwo da wake ma suna da nasu. Abin gudu shi ne tulin naman Sallah da tsiren kowane dare. Amma kada a hana majinyaci komai har ya rame, yunwa na kashe shi kafin ƙodar.

Fotasiyam kuwa awo ne ke yanke hukunci. In yana tsakanin 3.5 da 5.0 babu dalilin hana shi 'ya'yan itace da ganye. In ya haura sai a rage ayaba, agada, dabino, lemon zaƙi, tumatirin gwangwani, ruwan kwakwa, alayyafo da zogale. Dankali da doya a fere, a yanka ƙanana, a dafa cikin ruwa mai yawa, a zubar da ruwan. Lemon kwalba baƙi a bar shi saboda fosfaras, sinadarin da ƙoda mai rauni ba ta iya fitarwa sosai. Ruwan sha kuma babu ƙa'ida ɗaya ga kowa. Zancen a yi ta ɗurawa don a wanke ƙoda ba gaskiya ba ne: marar kumburi ya sha gwargwadon ƙishi, ya ƙara in yana aiki a rana, mai kumburi ya bi ma'aunin da likita ya ba shi. A hau sikeli kowace safiya, ƙarin kilo biyu cikin kwana biyu ko uku ruwa ne.

A nemi hoton ƙoda da mafitsara ko sau ɗaya. Dattijon da fitsarinsa ke fita da ƙyar, da wanda ya yi fama da tsargiya yana yaro, toshewa na iya zama sanadin, kuma buɗe hanyar na ceto abin da ya rage. A auna baikabonet, awon da ke nuna tsamin jini, in jini ya yi tsami akwai ƙwayar da likita ke bayarwa. A auna yawan jini da sinadarin ƙarfe, a gyara su kafin a kai ga ƙarin jini, domin yawan ƙarin jini yana wahalar da dashen ƙoda daga baya. Sigari da shisha a bar su.

Shirin wanki ba sallamawa ba ne. Da eGFR ta doshi 20 a fara magana da likitan ƙoda kan riga-kafin ciwon hanta nau'in B, da haɗa jijiyar hannu da za a riƙa wanki ta nan, wadda ke buƙatar makonni shida ko fiye kafin ta nuna, da kuma batun dashe, wanda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake yi tun 2002. Hannun da ba a aiki da shi sosai a kiyaye shi daga allura da ƙarin ruwa, domin a nan ake haɗa jijiyar, a riƙa ɗibar jini a bayan tafin hannu. In kuwa numfashi ya gagara a kwance, ko amai ya ƙi tsayawa, ko fitsari ya ragu ƙwarai, ko ƙafafu suka mutu da kasala zuciya na bugu ba daidai ba, ko majinyaci ya fara ruɗewa da yawan barci, a tafi asibiti a daren, a riƙe littafin awo da duk kwalayen maganin da yake sha.