Alhaji, alhakin leburan da ke kan benenka yana wuyanka

Duk wanda ke yawo a cikin Kano ya san yadda filazoji ke tashi. Kantin Kwari, Sabon Gari, Ƙofar Wambai, titin Zoo, Farm Centre, ko'ina ka juya rodi ne a tsaye da tulin yashi a bakin titi. Abin farin ciki ne, Allah Ya ƙara arziki. Maganata a yau da masu kuɗin ginin ce, Alhazawanmu da Hajiyoyinmu da ke ba da aikin, domin akwai wata kalma da ta zauna a bakinsu wadda ba na yarda da ita ko kaɗan: "Ai na ba ɗan kwangila, babu ruwana."

Da ruwanka, ranka ya daɗe. Kai ka zaɓi ɗan kwangilar, kai ka yanke kuɗin, kai ka sa ranar da kake son makullanka. Waɗannan ukun su ke yanke hukuncin ko yaron da ke hawa da kwanon sarki a ka zai koma gida lafiya.

Ɗauki maganar lokaci, domin nan aka fi yin ɓarna. Kankare ba ya jin gaggawa. Injiniyoyi suna lissafin cikakken ƙarfinsa a kwana 28, kuma yana son a riƙa ba shi ruwa yana ƙwari a hankali, balle a zafin Maris da Afrilu da ma'aunin zafi ke haura 40 a garin nan. To sai mai gini ya karɓi kuɗin hayar shaguna tun kafin a zuba dekin, 'yan haya suna ta kiransa a waya, azumi ya ƙarato, kasuwar Sallah za ta wuce. Sai ya kira foman ya ce a cire katakon da ke tallafe da dekin a hau hawa na gaba. Foman ya san kankaren ɗanye ne. Kafinta ma ya sani. Amma wa zai ce wa mai biyan kuɗi a'a? Haka za a jibge ɗaruruwan bulo da buhunan siminti a kan abin da bai gama kama jikinsa ba, a ƙasa kuma ga mutane suna yaɓe. In ya rufta, sunan birkila za a fara kira, alhali umarnin daga cikin mota ya fito.

Haka batun kuɗi. Mutum uku su kawo maka farashi, ka ɗauki na ƙasa ba tare da ka tambayi yadda aka yi ya sauko haka ba. Araha ba ta ado. Wanda ya karya farashi sai ya fanshe a wani wuri: inda zane ya ce rodi mai lamba 16 ya sa mai 12, ya rage siminti, ya ɗauko ruɓaɓɓen katakon da ya gama aiki a wasu gine-ginen ya kafa wa mutane su tsaya a kai a hawa na uku. Hular kwano da takalmin aiki da igiyar ɗaure ƙugu kuwa ko a lissafi ba su shiga. Ku tsaya ku kalli ranar zuba dekin: samari a jere da silifas, wasu ma ƙafa ba takalmi, siminti yana cin fatarsu, suna hawa tsanin katako mai lilo da kankare a ka, gefen benen babu ko sandar da za ta tare wanda santsi ya ɗauka. Sau da yawa kuma ga wayar lantarki tana wucewa dab da inda ake jan rodi sama.

Ba mu manta da titin Beirut Road na nan Kano ba. A ƙarshen Agustan 2022 bene mai hawa uku da ake kan ginawa ya rufta a tsakiyar kasuwar waya, ya danne mutane, aka yi asarar rai. Wannan ya nuna haɗarin ginin kasuwa bai tsaya kan leburori ba. Mai shago na kusa, mai tallan fiya wata, yaron da aka aika, duk suna ƙarƙashin shawarar da kai ka yanke. Ginin da ake yi a cikin cunkoso yana buƙatar shinge da rufin da zai tare abin da ya faɗo, kuma bai kamata a zuba 'yan haya a ƙasa ana kan aiki a sama ba. A Legas ma, benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rushe ranar 1 ga Nuwamban 2021 ya kashe sama da mutum 40, har da mai ginin kansa, bayan kamfanin injiniyoyin da ya fara aikin ya riga ya rubuta takardar janye hannunsa.

A Ingila sun gane wannan har suka sa shi a doka. Dokarsu ta 2015 kan tsara gine-gine ta ɗora wa mai ba da aikin nauyi da sunansa: ya tabbatar waɗanda ya ɗauka sun san aikin, ya ba su isasshen lokaci da kuɗi, ya miƙa musu duk bayanin da ya sani game da filin, ya tabbatar akwai banɗaki da ruwan sha da wurin hutawa kafin a fara. Ba zai ce ya sa hannu a kwangila ya wanke hannunsa ba. Mu ma ba a bar mu haka ba. Akwai izinin gini na KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, wanda in an ba ka na hawa biyu ba ka da hurumin ƙara na uku don ka ga kasuwa ta yi kyau. Akwai COREN mai rajistar injiniyoyi, da CORBON ta ƙwararrun magina, kuma tambayar lambar rajistar mutum ba cin fuska ba ce. Dokar inshora ta 2003 ta wajabta yi wa benen da ya wuce hawa biyu inshora yayin gina shi. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashinsu a asusun NSITF, hukumar da ke biyan diyyar. Masu filaza nawa ne suka taɓa tambayar ɗan kwangilarsu takardar wannan?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ke biyo bayan haɗari. Yaro ya faɗo, a kai shi asibitin Murtala ko na ƙashi a Dala, a biya kuɗin kati da maganin farko, daga nan sai a daina ɗaukar waya. In rasuwa ce, a kai buhun shinkafa wajen zaman makoki, iyaye su ce sun yafe, ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara. Amma Manzon Allah (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Talakan da ya ce ya yafe don ba shi da ƙarfin ja da kai, yafiyarsa ba ta mayar da sakaci ya zama ƙaddara zalla. Yawancin yaran nan 'yan ci-rani ne daga ƙauyuka, kuɗin yinin nan shi ne cefanen gidansu, wanda ya karye a baya kuma ya gama aikin ƙarfi ke nan.

Don haka, Alhaji, kafin ka biya kason farko, a rubuta kuɗin kayan kariya a cikin kwangila a matsayin layi mai zaman kansa, yadda ba za a cinye shi ba. Ka ɗauki injiniyan da kai kake biya kai tsaye, ba yaron ɗan kwangila ba, ka kuma faɗa a gaban kowa cewa in ya ce a tsaya, an tsaya. In ka zo duba aiki, kar ka tsaya a ƙirga shaguna daga ƙasa. Hau tsanin da yaran ke hawa. In ka ji ƙafarka ta ƙi, a sake shi kafin wani ya ƙara takawa.