Zafin Legas daban, zafin Kano daban: da wane ma'auni za a auna gida a ƙasar laima?

A nan jihar Fulorida, a kudancin ƙasar Amurka, gidaje sababbi da yawa kan zo da lamba, kamar sakamakon jarrabawa. Sunan ma'aunin HERS, ƙungiyar RESNET ce ke kula da shi. An ɗauki gidan da aka gina bisa ƙa'idar gini ta 2006 an ba shi maki 100. Gidan da ya samu 60 ya fi wancan tsimin makamashi da kashi 40 cikin ɗari. Wanda ya samu sifiri kuwa, wutar da yake samar wa kansa a shekara ta kai wadda yake sha.

Abin da ya sa nake ganin girman wannan ma'auni shi ne ba a kan takarda yake tsayawa ba. Mai awo yakan zo gidan da kansa, ya rufe tagogi, ya kafa wata babbar fanka a bakin ƙofa, ya zuƙe iska har bambancin matsi tsakanin ciki da waje ya kai faskal 50 (faskal ma'aunin matsin iska ne). Daga nan ya karanta sau nawa iskar gidan ke sauyawa a awa guda. Dokar ginin jihar ba ta yarda a wuce sau 7 ba. Bututan da ke kai sanyi ɗakuna su ma ana gwada yoyonsu a faskal 25, domin yawancinsu ta saman silin suke bi, inda zafi ya fi ko'ina tsanani.

Me ya kawo wannan farautar kafofi? Laima. Kuma a nan ne mu 'yan Arewa muke yawan kuskure idan muka je gini a Legas, Fatakwal, Akara ko Duwala. Zafin Kano da Damagaram busasshe ne. Rana ta ƙwalle, dare ya sauko da sauƙi, shi ya sa katangar ƙasa mai kauri da ƙaramar taga da rufin soro suke aiki: bango ya shanye zafin yini, ya amayar da shi da daddare. A bakin teku bambancin yini da dare kaɗan ne, 'yan digiri shida ko bakwai, don haka bangon bulo mai kauri ba ya samun damar hucewa. Zafin da ya tara da rana, a kanka zai sauke shi kana kwance. Ga shi iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, gumi ba ya bushewa a jiki.

A duba lissafin. Iska mai zafin digiri 30 da laimar kashi 80 cikin ɗari takan fara zubar da ruwanta a kan duk abin da sanyinsa ya kai wajen digiri 26. Wato idan ka sa iyakwandishan a 22, duk kafar da iskar waje ta samu ta shigo, ruwa za ta ajiye a bango mai sanyi. Daga nan sai funfuna: baƙin tabo bayan wadirof, takalmin fata ya yi kore, katifa ta riƙa warin rima. Bangon da aka liƙa wa takardar ado ta roba ya fi shan wahala, domin ruwan yakan maƙale a bayanta ba hanyar fita. Kuma raba iska da ruwa ba kyauta ba ne. Kowace lita ɗaya da na'ura ta tatse, sai ta kwashe zafin da ya kusa kashi biyu cikin uku na yunit ɗaya na wutar lantarki.

Kuskuren da ya fi yawa, a nan da gida duka, shi ne sayen na'urar da ta fi ƙarfin ɗaki. Mutum ya ce a sa mai doki biyu a ɗakin da doki ɗaya zai ishe shi, wai don ya yi sanyi da wuri. Zai yi sanyi da wuri kam, cikin 'yan mintuna na'urar ta tsaya tun kafin ta tsotse laimar. Ɗaki ya yi sanyi, jiki na danƙo. Sai a ƙara rage digiri, wuta ta ƙara tafiya, bango ya ƙara jiƙa. Abin nema shi ne laimar cikin ɗaki ta zauna ƙasa da kashi 60, kuma na'ura madaidaiciya mai aiki a hankali na dogon lokaci ce ke kai ta can. Lambar HERS ita kanta makamashi take ƙirgawa. Gida na iya cin maki mai kyau saboda faifan sola da ke kan rufinsa, alhali kabad ɗinsa na wari.

Ostareliya ta bi wata hanya. Ma'auninsu NatHERS taurari yake bayarwa, daga sifiri zuwa 10, bisa lissafin kwamfuta daga zanen gida, an kuma raba ƙasar yankunan yanayi 69. A kundin gini na 2022 aka ɗaga mafi ƙarancin abin da ake nema daga taurari 6 zuwa 7. A arewacin ƙasar, garuruwa irin su Darwin da Cairns, an daɗe ana kukan cewa lissafin ya fi fifita rufaffen gida mai iyakwandishan a kan gidan gargajiyarsu mai tsayuwa bisa ginshiƙai, mai tagogin luba da faffaɗar baranda. An saurare su har wani mataki: a yankuna masu zafi da laima ana rangwanta rabin tauraro ga gidan da ke da barandar zama mai rufi a samanta, da wani rabin idan an rataya mata fanka.

A ganina wannan rangwamen ya fi kusa da halin da muke ciki. Duk tsarin Fulorida a kan abu ɗaya ya jingina, wato wutar da ba ta ɗaukewa. Rufaffen gida ba wuta tanderu ne, kuma mutanen nan sun san haka duk lokacin da guguwa ta katse layi. Ɗan kasuwar da ke gini a Agege ta Legas ko Nima ta Akara ba guguwa yake jira ba, kullum cikin wannan hali yake, ga tsadar man janareta.

Najeriya ta fitar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine a 2017, har da lakabin taurari, kuma ta taɓo abubuwan da suka dace: yawan gilashi a bango, inuwar tagogi, kariyar zafi ƙarƙashin rufi, ingancin fitilu da na'urorin sanyi. Amma wanda zai kama haya a Legas ba ya ganin tauraro ko ɗaya a ƙofar gida. In har za a raya ta, ina so takardar kowane gida a Kudu ta amsa tambayar da HERS ba ya yi: idan aka ɗauke wuta yini da kwana, awa nawa ɗakin kwana zai yi sama da digiri 30? Wannan ana iya auna shi da ɗan ma'aunin zafi da laima mai ajiye bayani, a rataye shi mako biyu a tsakiyar damina.

Gidan da zai ci wannan jarrabawa ba ɓoyayye ba ne. Dogayen bangayensa su fuskanci kudu da arewa, yamma ta samu ƙarancin taga. Kwano ya zama mai haske, a shimfiɗa kariyar zafi a ƙarƙashinsa, a bar kafofin da zafin saman silin zai fita. Bakin rufi ya zarce bango sosai don a iya barin taga buɗe ana ruwa. Kowane ɗaki ya samu taga a bango biyu, ba ɗaya ba, domin iska ba ta shiga inda ba ta ga mafita ba, kuma kada katangar gida ta matse tagar. Fankar silin mai cin wat 60 zuwa 75 tana sa jiki ya ji kamar an rage digiri biyu ko uku, alhali iyakwandishan mai doki ɗaya da rabi wat dubu da wani abu yake ci. In ya zama dole a sa shi, a ware ɗaki ɗaya, a toshe ƙasan ƙofarsa da ramin da bututu ya ratsa bango, a bar sauran gidan a buɗe yana shan iska.