Wasan bidiyo kan marasa matsuguni: kada a mai da mutane wurin tara maki

Ɗalibin da ya ɗauki aikin ƙirƙirar wasan ilimantarwa kan taimakon marasa matsuguni, abin da ke fara zo masa a rai shi ne: ɗan wasa na yawo a titi, ya miƙa abinci, ya miƙa bargo, maki ya ƙaru. A ganina a jefar da wannan tsari tun ranar farko. Yana koya wa yaro cewa matsalar yunwar dare ɗaya ce kawai.

Abin da ke riƙe mutum a titi sarƙaƙiya ce. An sace masa katin shaida, sabo kuma sau da yawa sai da adireshi. Ɗaki ba ya samuwa sai da aiki, mai ɗaukar aiki yana neman kati da lambar waya, wayar kuwa tun jiya ba caji. Jakar kayansa ba inda zai ajiye, dole ya shiga ganawar neman aiki da ita a kafaɗa. Wannan ƙulli ya kamata ɗan wasa ya ji a hannunsa.

Amma akwai tarko. A 2011 an fitar da SPENT a Amurka, wasan da ke ba ka dala 1,000 ka kai ƙarshen wata. Niyya mai kyau ce, sai dai binciken masana Roussos da Dovidio na 2016 ya nuna cewa buga shi bai ƙara wa mutane kyakkyawan kallo ga talakawa ba. Dalilin yana cikin ginin wasan: idan komai zaɓi ne, ɗan wasa zai tashi da tunanin cewa wanda ya faɗi shi ya zaɓa ba daidai ba. Don haka na fi son a sa ɗan wasa a matsayin mai aikin sa-kai, mai awa shida a rana da mutum uku a gabansa, gado kuma ɗaya ya rage a gidan kwana. Wani lokaci ya yi komai daidai, ofis ya rufe kafin layi ya zo kansu. A bar hakan ya faru, kuma allon ya faɗi dalili.

A sa amana cikin ma'aunai, tare da lafiya, barci da cajin waya. Huɗu sun isa; sun wuce haka yaro lissafi zai koma yi. Wanda aka tambaya me yake buƙata amanarsa ta hau, wanda aka tura wa taimakon da bai nema ba ta sauka. Mataki na ƙarshe ya tsaya kan tsarin fara ba da gida ba tare da sharaɗi ba, wanda masanin halayyar ɗan Adam Sam Tsemberis ya soma a New York a 1992, Finland kuma ta mai da shi manufar ƙasa a 2008. Ɗan wasa ya ga da idonsa yadda sauran ma'aunai ke daidaita da zarar an sami mabuɗin ɗaki.

Kafin a taɓa kwamfuta a gwada a takarda: kati talatin, kwana bakwai na cikin wasa, minti goma sha biyar. Idan ya yi aiki a tebur, a zuba shi a manhajar ƙirƙirar wasa: Twine in labari ne mai rassa, ko Godot in ana son motsi. Duk kyauta ne. Ɗalibai da yawa na ƙarar da zangon karatu wajen zana birni, dokokin wasan kuma ba a gwada ba. Wasu kuma su cika masifu barkatai har mai bugawa ya ajiye a minti na uku.

Zane ma a kula da shi. Ba kowa ke cikin tsumma ba: akwai mai kwana a mota, akwai mai zuwa aiki kullum, akwai uwa da 'ya'ya da ke raɓe a gidan ƙawa. A nemi wata ƙungiyar agaji ta haɗa ɗalibin da waɗanda suka taɓa rayuwar, su buga wasan su gyara shi, a biya su ladan lokacinsu, kuma kada a saka suna ko hoton kowa ba da rubutaccen izininsa ba.