Yadda na liƙa miyar lalo a bangon falona

Uwargida ce ta jawo min. Ta ga wani falo a Instagram bangonsa kamar an saƙa shi da ciyawa, tun daga ranar ban ƙara shan ruwa da daɗi ba, wai wolfefa, takardar nan ta manna wa bango, take so amma ba irin ta leda mai warin sabon bokiti ba, wai waccan PVC ce, ita mai zaren tsiro take so wadda ba ta cutar da muhalli. Muhalli fa! Mu da ko zogale ɗaya ba mu dasa ba tun da muka tare a Kubwa.

Ranar Asabar na shiga kasuwar Dei-Dei. Mai shago ya warware min naɗi ɗaya ya ce, "Alhaji shafa ka ji, jut ne zalla." Na gyaɗa kai kamar na sani, na koma gefe na duba waya. Ashe jut ɗin nan dangin lalo ne, lalon miya dai, a Indiya da Bangladash suke barinsa ya yi tsawo su jiƙa karan su ɓare zaren. Kuɗin da na biya kuwa gara kar na faɗa, surukaina suna karatu.

Inda na kashe kaina shi ne wurin gam. Ya miƙo min nasa na ce a'a, ai tunda abu na tsiro ne to da tsiro za a liƙa shi. Na dawo gida na dama sitacin rogo cikin tukunya kamar mai kokon saida, ni da ƙanena muka kwana muna shafawa muna mannawa, shi yana kan tebur ni ina riƙe da ƙafarsa. Gari ya waye falo ya yi kyau wallahi, har hoto muka ɗauka.

Kwana huɗu. Da daddare aka ɗauke wuta sai na ji ƙaras ƙaras daga bayan talbijin. Na haska tocila, kyankyasai ne sun yi sahu kamar masu karɓar tallafi, sitaci suke ci hankalinsu kwance, ɗaya ma ko motsi bai yi ba.

Ana cikin haka Hajiya ta zo daga Zariya. Ta yi sallama, ta tsaya tana kallon bango, ta matsa ta sa farce ta karce. "Kai yanzu asabari ka manna a ɗaki? Talaucin har ya kai haka ba ka faɗa min ba?" Na ce Hajiya daga waje aka kawo. Ta ce, "Allah ya shirya."

Auta ya watsa masa zoɓo, uwargida ta sa jiƙaƙƙen tsumma, ashe ba a sa wa irin wannan ruwa, tabon ya bazu ya koma kamar taswirar Najeriya har da Kogin Kwara.

Sai jajiberin Sallah ragon layya ya tsinke igiya, wani ya bar ƙofar falo a buɗe. Na same shi ya ɗaga ƙafafu biyu ya dafa bango, ya kama gefen da kyankyasai suka ɓamɓaro yana ja yana taunawa yana lumshe ido. Shi kaɗai ne a gidan nan ya gane darajar kayan.

Yanzu doguwar kujera na ja na rufe wurin. Jiya da dare uwargida ta miƙo min waya, wai in ga wata ta ɓawon bishiya daga Fotugal. Na yi kamar barci ya kwashe ni.