Ba igwa ce ta kashe Sawakin ba

Tun da yaƙi ya ɓarke a Kartum a Afrilun 2023, gwamnatin soja ta kwashe komatsanta ta koma Port Sudan, nake jin mutane suna maganar garin kamar tun fil'azal yake. Ɗan jiya ne. Turawan Ingila suka fara gina shi a 1905, aka buɗe tashar a 1909. Garin da aka yanka aka ba shi naman yana nan kudu da shi, tafiyar kilomita 60. Sunansa Sawakin.

Mu Hausawa ba baƙin wannan suna ba ne. Kakana na wajen uwa da ƙafa ya tafi Makka, yana tafe yana yada zango, ya yi noman ƙodago ya tara guzuri ya ƙara gaba. A Sawakin ya fara ganin teku. Har ya tsufa yana ba mu labarin yadda ya ɗebi ruwan da tafin hannu ya kai baki, ya tofar, mutanen wurin suna ta dariya suna cewa Takari ya iso. Can ya yi ga-ruwa kafin ya sami jirgin Jidda.

Tsohon garin a kan ɗan tsibiri yake, an gina shi da dutsen murjani da ake sarowa daga cikin teku. Benaye hawa biyu, hawa uku, da tagogin katako masu sassaƙa da suka leƙo kan titi, mace ta zauna ciki ta sha iska ta ga kowa, ba mai ganinta. Daular Usmaniyya ta riƙe shi tun ƙarni na 16, a 1865 aka miƙa shi ga Masar.

Sai zamanin tawayen Mahadin Sudan. Usman Digna, wanda fatauci ya sani kafin ya san yaƙi, ya bi Mahadi, ya tara 'yan ƙabilar Hadandawa ya sa garin a gaba. A Fabrairun 1884 a El Teb, mutanensa da masu da takubba suka tarwatsa rundunar Masar da Baturen nan Baker ke jagoranta, suka kashe fiye da 2,000. Wata guda bayan haka a Tamai suka keta sahun sojan Ingila kansu, ko da yake a ƙarshe bindiga ta rinjayi mashi. A 1885 Turawa suka soma shimfiɗa layin dogo daga Sawakin zuwa Barbar da ke bakin kogin Nilu, ba su yi nisa ba suka watsar. Kicina (Kitchener), hafsan sojan Ingila, da kansa, yana gwamnan wurin, sai da harsashi ya same shi a muƙamuƙi a Handub a 1888.

Ina girmama Digna, kada wani ya juya mini magana. Amma ƙawanyar da ya yi wa garin fatake ta fara shaƙewa, don ayari ba ya bin hanyar da ake harbi. Duk da haka Sawakin bai faɗi ba. Digna aka kama a 1900, ya rasu a Wadi Halfa a 1926.

To garin da ya sha wannan duka ya tsaya, me ya kayar da shi? Alƙalami. Mashigar tashar ƙunci gare ta, ga duwatsu a ƙarƙashin ruwa, manyan jiragen tururi ba sa sakewa. Aka zauna a ofis aka ce a koma arewa. Kwastan ya tashi, 'yan kasuwa suka bi, gidaje suka koma na kyanwowi, waɗanda mutanen wurin ke cewa aljanu ne. Shi kuwa dutsen murjani kamar ginin ƙasarmu yake, yaɓe yake so. Ka daina shafa masa farar ƙasa, gishiri da laima su shiga, wata rana ka wayi gari bango ya zauna.

Hujjar Turawa ta tashar jirgi na yarda da ita. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗora musu laifin duka. Sudan ta sami 'yanci a 1956. Gwamnati nawa aka yi tun daga nan, ta soja da ta farar hula, ana kallo benaye suna zubewa ɗaya bayan ɗaya? Sai Turkawa ne suka zo suka gyara masallatan Hanafi da Shafi'i. Da shugaban Turkiyya Erdogan ya ziyarci tsibirin a Disambar 2017, Albashir, shugaban Sudan na lokacin, ya ba shi damar sake gina shi, nan take maƙwabta suka ɗaga kunne, wai sansanin soja za a kafa. Wato ba a tuna da Sawakin sai an hango wurin girke bindiga.

Yau tashar da ke gefen kangon sunan Usman Digna aka sa mata. Daga nan ake lodin fasinja da dabbobi zuwa Jidda. A Yunin 2022 wani jirgi da aka cika wa kaya fiye da ƙima ya nutse a bakin tashar da tumaki sama da 15,000, a ruwan nan dai da kakana ya ɗanɗana ya tofar.