A bar ɗalibanmu su je zango ɗaya su dawo

Tun da Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar a 2025 cewa gwamnatin tarayya ta daina tura ɗalibai ƙasashen waje a ƙarƙashin yarjejeniyar tallafin karatu tsakanin Najeriya da wasu ƙasashe, wato BEA, nake jin wasu a nan Kano suna yaba masa, wai duk abin da ake koyarwa a Rasha ko Maroko akwai shi a gida. Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda aka yi wa kowace irin fita karatu kuɗin goro, har da musayar ɗalibai ta zango ɗaya, wadda wasu ke kira yawon buɗe ido. Mai faɗin haka bai taɓa tsayawa a ɗakin gwaje-gwaje ya ga ɗalibai sun yi cincirindo a kan na'ura ɗaya, na baya suna ɗaga ƙafa suna leƙe ba.

Babban kukan da ake yi da tallafin karatu a waje shi ne tsada, musamman tun da darajar naira ta faɗi a 2023, sai kuma waɗanda ke tafiya su ƙi dawowa. Musaya ta gajeren lokaci ta magance duka biyun. Wata huɗu ko biyar ɗalibi zai yi, kuma dole ya dawo, domin digirinsa yana hannun jami'arsa ta gida. Turai ta gane wannan tun 1987 da ta kafa shirin Erasmus, wanda a yau yake karɓar ɗaliban Afirka, ya yafe musu kuɗin makarantar da suka je, ya ba su na jirgi da na abinci. Babban sharaɗin shi ne jami'arsu ta ƙulla yarjejeniya da takwararta ta can.

A nan gizo ke saƙar. Ɗan yayata ya samu irin wannan dama, amma ya shafe makonni yana zarya tsakanin ofisoshi da fayil a hammata yana neman takardar sakamakonsa, kullum ana ce masa ya dawo gobe, har wa'adin ya wuce. Ko da ma ya tafi, babu wanda ya ba shi tabbacin za a lissafa masa darussan da ya yi a can. Ga kuma kalandar karatu da yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ya wargaza, ta yadda zangonmu ba ya haɗuwa da na kowa.

Gwamnatin Kano ta ɗauki nauyin ɗalibai 1,001 zuwa Indiya da Uganda domin digiri na biyu a 2023, kuma na yaba. Amma ɗan aji uku a Jami'ar Bayero ko ta Wudil shi ma ɗan Kano ne. A ware wani kaso na wannan kuɗi domin musayar zango ɗaya, jami'o'inmu kuma su buɗe ofishin da zai fitar wa ɗalibi takardunsa cikin mako guda.